Tun Ran Gini, Ran Zane

Ƙasar Holan ta gano iskar gas a lardin Groningen a 1959, ta rufe rijiyoyin a 2024 saboda girgizar ƙasar da haƙar ta haddasa, ta kuma ƙudura raba gidajenta da gas nan da 2050. To, amma kafin a raba gida da gas, sai an tono bututunsa an yanke shi daga babban layi. Nan fa ake yin ta. Na'urar gano ƙarfe ba ta jin bututun roba, tsohuwar taswira kuwa takan ɓad da mutum, sai ma'aikata su yi ta haƙa bisa ƙiyasi, ga ɓarnar kuɗi, ga haɗarin gobara.

Muna yaba wa dabarar zura waya cikin bututu, a bi sawunta da na'ura daga sama, rami ɗaya ya wadatar. Amma a ganinmu, babu dabarar da ta kai rubutu arha. Tun da an fara shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kano a 2020, wajibi ne mu nace a rubuta wuri da zurfin kowane reshe ran da aka binne shi. Gobe mu za a tambaya.