Ra'ayinmu: Arhar Kaka Ba Ta Jiran Albashi

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da lambunan bakin madatsar ruwa ta Challawa da fadamun ƙasar Rogo suka nuna, tumatir kan cika kasuwa har manomi ya riƙa roƙon mai saye. Wani kwandon ma a gona ake barinsa ya ruɓe, domin kuɗinsa bai kai na mota ba. Amma da zarar damina ta kankama, uwargida za ta aiki yaro da kuɗin cefane ya dawo da 'yan ƙwayoyi a gindin leda. Haka labarin wake da masara yake: arha a kaka, tsada a bazara da tsakiyar damina. Albashin malami kuwa ɗaya ne a Fabrairu da Yuli. Wannan tazara da ke tsakanin farashin kaka da na damina ita ke jefa da yawa daga cikinmu hannun mai shago tun wata bai raba ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar abinci ta zama tsumagiyar kan hanya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a Yulin shekarar, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta sanar da Naira 71,000 a Oktoba, amma kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun bai shigo hannu ba. Ƙungiyarmu ba za ta sassauta ba wajen neman albashin da zai riƙe gida, da ƙarin girma a kan lokaci. Sai dai kafin haƙƙi ya iso tukunya ba ta jira, don haka muke ganin tanadin abinci ya cancanci shiga ajandar reshe.

Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun san kauɗar tumatir, da busasshiyar kuɓewa, da gabu, da kuka, da daddawa. Iyayenmu maza sun san ɗaure dami da gyaran rumbu, kuma tun muna yara muka ji yadda Annabi Yusuf ya ba da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Iskar hunturu da ranar da Allah Ya hore mana kyauta ne. Abin da ya rage shi ne tsafta. Tumatirin da aka shanya a bakin kwalta yana kwasar ƙura da hayaƙin mota da sawun dabbobi. A wanke shi, a tsaga da wuƙa mai tsafta, a baza a kan tabarma ko raga bisa wani abu mai tudu, a bar shi har ya bushe ƙarau. Ganye irin su zogale da rama kuwa a inuwa ake shanya su, don kada rana ta ƙone amfaninsu.

Masu dafa tumatir su ɗura a kwalba sai su yi hattara. Akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa a inda babu iska, wadda gubarta kan shanye jiki har ta yi kisa, kuma ba lallai ne abincin ya yi wari ba. Tsami ne ke hana ta tasiri. Saboda haka a ɗura tumatir zalla, kada a haɗa shi da albasa ko tattasai ko nama. A zuba cokali biyu babba na ruwan lemun tsami ga kowace lita, a rufe da murfi mai kyau, a nutsar da kwalaben cikin ruwa su tafasa na aƙalla minti 50. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba.

Babban abin tsoro yana wajen ajiyar wake. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akan yayyafa masa fiya-fiya don gudun ƙwari. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi saye, shi muke dafa wa 'ya'yanmu da ɗalibanmu. Alhali akwai mafita marar guba: buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu bincike na Afirka. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu. Idan aka ɗaure kowace daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Jarka mai tsafta da murfi mai kamawa, wadda ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba, ita ma tana yin wannan aiki idan an cika ta maƙil. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe sosai, domin masara ko gyaɗa mai laima kan yi funfuna mai lahanta hanta. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a zuba ƙwayoyin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

To, idan ilimin yana nan, me ya hana malami tanadi? Amsa ita ce kuɗi a dunƙule. Ɗan kasuwar Dawanau yana saye a kaka domin yana da jari. Malami yana sayen mudu-mudu a lokacin tsada domin ba shi da shi. Talaka ne ke sayen abinci mafi tsada, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muke kira ga shugabannin reshe da su yi abu uku kafin kaka mai zuwa. Na farko, inda malamai ke da asusun taimakon kai da kai, a ware rance marar ruwa don sayen hatsi a kaka, a riƙa biya wata-wata. Inda babu, a kafa. Na biyu, a yi sayen a dunƙule daga manomanmu, tare da buhunan ajiya, a kuma liƙa lissafin a fili, domin rashin bayani ne ke kashe adashi. Na uku, malamanmu na darasin noma da na tattalin gida, tare da malaman gona na KNARDA, su shirya ranar koyarwa a makarantu, a gayyato iyalanmu, musamman iyaye mata waɗanda suka fi mu sanin aikin.

Malamin da ya bar gida babu na miya, jikinsa ne kawai ke cikin aji. Muna roƙon kowace makaranta, daga Yammedi har Zarewa, ta tattauna wannan batu ta aiko da matsayarta a taron reshe na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa albarka a abin da muka ajiye.