Da Kumfa Ake Gwada Gas, Ba Da Ashana Ba

Hunturu ya kankama, ana rufe tagogi, ana ɗora ruwan wanka tun kafin assalatu. A Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada gidaje da dama sun koma girki da gas. Mu ake aika mu ciko tukunyar, sau da yawa kuma mu ne masu haɗa ta. Ke nan lafiyar gidan tana hannunmu.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan yana yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, ya taru a lungun kicin yana jiran tartsatsi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mu.

Idan mun kawo tukunya, ko mai kilo 6 ce ko mai 12.5, mu ajiye ta a tsaye, inda iska ke shiga, nesa da murhun gawayi da janareto. Mu tabbatar murhun gas ɗin a kashe yake kafin mu ɗora rigileta, mu danna ta sai ta zauna daram. Mu duba tiyo: in ya tsage ko ɓera ya ci shi, sauyawa ake yi, ba a ɗaure shi da leda ko roba. Bakinsa biyu duka a matse su da maɗaurin ƙarfe.

Sai gwaji. Mu kaɗa sabulu a ruwa ya yi kumfa, mu buɗe rigileta, mu shafa kumfar a wuyan tukunya da mahaɗar tiyo. In kumfa ta riƙa kumbura tana tasowa, akwai yoyo. Mu rufe, mu gaya wa manya a kira mai gyara. Masu kyasta ashana a wurin don su gani, da ransu suke caca.

In muka shiga kicin muka ji wari, kada mu taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Mu rufe rigileta, mu buɗe ƙofa da tagogi, mu fitar da ƙanne. In wuta ta riga ta kama, mu fita waje mu kira 112 ko hukumar kashe gobara ta jihar Kano.

Haka kuma kada sanyi ya sa a kunna gas ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki a kwanta. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa.

Gidajenmu bango ɗaya ne da na maƙwabta, gobarar gida guda ta layi ce. Aikin gidanmu na wannan mako: kofin ruwan sabulu da minti 5 a gaban tukunya.