Hayar Dubai da waɗanda doka ba ta gani

Tsadar haya a Dubai ta kori ma'aikata da dama zuwa Sharja da Ajman, inda suke sammako su shiga cunkoson hanya zuwa aiki a Dubai. Wata doka ta 2013 ta hana mai gida ƙarin da ya wuce kashi 20 cikin ɗari wajen sabunta haya, kuma a Janairun 2025 hukumar filaye ta fito da sabon ma'aunin farashin haya. Madalla. Sai dai kariyar ta mai rajistar Ejari ce kawai, wato wanda aka yi wa yarjejeniyar hayarsa rajista a hukumance. 'Yan uwanmu da ke unguwar Deira ta Dubai, masu hayar gado ɗaya a ɗakin da aka yanyanka da katako, ba su da takardar da za su kai ƙara da ita. Su ya kamata hukuma ta fara dubawa.