Alli Ko Kwalbati: Wa Ke Yanke Hukunci a Sakatariya?



Akwai wani gini a garin nan da yawancinmu ba mu taka ƙofarsa sai an kira tantance ma'aikata, ko kuwa takardar ƙarin girma ta maƙale a tebur ɗin wani. Wannan gini shi ne sakatariyar ƙaramar hukuma. Alhali kuwa a cikinsa, ko da sunansa, ake yanke shawarar ko ajin da iska ta yaye wa kwano a daminar bara zai sami rufi bana, da ko yaran aji ɗaya za su ci gaba da zama a ƙasa. A ganinmu wannan nisa da muke yi da sakatariya ya daɗe yana jawo mana asara, kuma idan abubuwa suka tafi yadda Kotun Ƙoli ta ce su tafi, asarar za ta iso har cikin tukunyar gidajenmu.

Bari mu fara da yadda aka gina gidan. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 shi ne ya rufe babin En'e, ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Najeriya. Yau muna da guda 774, kuma sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da su. A sama akwai ciyaman da mataimakinsa, sai sakatare da kansiloli masu gafaka waɗanda ciyaman ke naɗawa su sa ido a kan sassa kamar na ayyuka, lafiya, noma da ilimi. A ɗaya ɓangaren akwai zaɓaɓɓun kansiloli, kowace mazaɓa da nata, su ne majalisar da ke yin dokokin cikin gida da amincewa da kasafin kuɗi. Ƙarƙashin waɗannan 'yan siyasa kuma ga ma'aikatan dindindin: daraktan mulki, ma'aji, da shugabannin sassa. Ciyaman yana zuwa ya tafi, amma ma'aji da daraktan mulki sun san inda kowace takarda ta kwana, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil ya san ba a raina su.

To mu malaman firamare ina muke a wannan gida? A soro muke, ba mu ciki, ba mu waje. Ofishinmu shi ne hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, shi kuma yana amsa umarni daga hukumar SUBEB ta jiha, kamar yadda tsarin ilimin bai-ɗaya ya tanada tun dokar 2004. Amma albashinmu a yawancin jihohi daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ke nan mai biyanmu daban, mai ba mu umarni daban. Shi ya sa idan rufin aji ya faɗi, sakatariya ta ce aikin SUBEB ne, SUBEB ta ce ana jiran jiha ta zuba nata kason kafin UBEC ta saki na tarayya, yaro kuma yana nan a gindin darbejiya yana karatu da ido ɗaya a kan hadari.

Kundin Tsarin Mulki kansa ya bar ƙofar wannan jifa da juna a buɗe. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan da suke na ƙaramar hukuma ita kaɗai: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da baro. Da aka zo kan ilimin firamare sai lafazin ya sauya, aka ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu ne a aikin gwamnatin jiha. A wani hukunci na 2002 Kotun Ƙoli ta fassara wannan da cewa nauyin ilimin firamare na jiha ne, ƙaramar hukuma mai tallafawa ce. Mu riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne garkuwarmu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwa. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi na samun kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya kuma 52.68. Abin da ƙaramar hukuma irin tamu ke tarawa da kanta daga tikitin kasuwa da tasha da kuɗin rumfa bai taka kara ya karya ba, don haka idon kowa na kan Abuja a ƙarshen wata. Shekara da shekaru kuɗin ba sa zuwa kai tsaye, sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 ya kafa. A can ake cire albashinmu, da fansho, da kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙo wa sakatariya abin da ya saura.

Wannan saura, ta yaya ake raba shi? A takarda tsarin ba shi da aibu. Kowane sashe zai kawo ƙiyasinsa a watannin ƙarshen shekara, ciyaman da muƙarrabansa su tace, a kai wa majalisar kansiloli ta yi muhawara ta amince, a jihohi da dama kuma ma'aikatar ƙananan hukumomi ta duba. A aikace kuwa, abubuwa biyu ne ke tuƙa alƙalami: wa ya zo ya yi magana, kuma wane aiki ne ido zai gani. Kwalbati yana kan hanya, kowa zai taka shi, ana iya kafa masa allo da sunan ciyaman. Rumfunan kasuwa suna da shugabanni waɗanda suka san gidan kowane kansila. Direbobin tasha suna da ƙungiya, kuma ranar zaɓe ana bukatar motocinsu. Amma alli fa? Wa zai yanke ƙyalle don an sayi alli da rajistar kiran suna? Wa zai kira maroƙa don an gina bayan gida a makarantar ƙauye, duk da cewa rashinsa na daga cikin abubuwan da ke korar 'yan mata daga aji biyar da shida?

Kada a ɗauka muna raina kwalbati. Wanda ya taɓa tura babur cikin taɓo a watan Agusta don ya isa makarantar da aka tura shi ya san darajarsa fiye da kowa. Abin da muke faɗi shi ne, kasafin kuɗi fili ne na ja-in-ja, kuma mai kujerar da ba kowa a kanta ba a ajiye masa tuwo. Amfanin kwalbati ana ganinsa kafin zaɓe mai zuwa. Amfanin yaron da ya iya karatu a aji uku sai bayan ciyaman huɗu sun shuɗe. Ɗan siyasar da ya fifita na farko ba lallai mugu ba ne, lissafi yake yi, kuma ba wanda ya zo ya sauya masa lissafin.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma an riga an nuna alƙibla. Jama'a da dama sun yi murna, kuma suna da hujja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciyaman da ke zaune a garin nan ya fi wanda ke babban birnin jiha sanin wace gada ce ta karye.

Mu kuwa murnarmu da saura, saboda dattawanmu a wannan aiki ba su manta ba. A 1988 an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya fara daidaita. A 1991 aka rushe ta, aka danƙa makarantu da albashin malamai a hannun ƙananan hukumomi. Abin da ya biyo baya sananne ne: watanni ba albashi, yajin aiki bayan yajin aiki, malamai suka koma gona da kasuwa, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Wanda ke ganin wannan tsohon labari ne, to ya dubi Abuja. A 2025 malaman firamaren da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi shida na babban birnin tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin haƙƙoƙinsu. A birnin da ake raba kuɗin ƙasa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsayin uwar ƙungiyarmu ta NUT a kan wannan ya daɗe a bayyane, kuma muna tare da shi: a ba ƙananan hukumomi 'yancinsu, amma a ware albashin malaman firamare tun daga tushe, ya bi ta SUBEB, kada ya zama abin da ciyaman zai auna da wasu bukatu a ƙarshen wata. Wasu 'yan'uwanmu ma'aikatan ƙananan hukumomi na cewa wannan rabin 'yanci ne, kuma su kansu jihohin ai sun sha riƙe albashi. Gaskiya ne sun sha. Sai dai tunkarar gwamna ɗaya da murya ɗaya ya fi sauƙi a kan a warwatsa mu, kowane reshe yana kokawa da nasa ciyaman, malamin wannan gari ya karɓi albashi ranar 28, na garin da ke maƙwabtaka da shi yana jira har tsakiyar watan gobe.

Amma ko an kare albashi, rufi da benci da rijiya suna nan a hannun sakatariya, kuma nan ne aikin reshenmu yake. Muna ba shugabannin reshe shawara, kafin watan Satumba ya ƙare, a sa kowane hedimasta ya zauna da kwamitin kula da makarantarsa su rubuto bukatu uku kacal, da ƙiyasin kuɗinsu daga bakin magini da kafinta na gari. A tattara su mazaɓa-mazaɓa, domin kansila ba ya jin zafin "matsalar ilimi", amma yana jin zafin makarantar da ke bayan gidan mai unguwarsa, wadda kuma a cikinta ake ajiye akwatin zaɓe. A kai takardar a hannu, a karɓi sa hannun wanda ya karɓa, a ajiye kwafi. A nemi kwafin kasafin da aka amince da shi, a karanta shi a taron reshe, layi bayan layi, a ga nawa aka rubuta wa ilimi, sannan a watan Yuni a koma a tambayi nawa aka saki. Kasafin kuɗi ba sirrin kowa ba ne, dukiyar jama'a ce aka rubuta a ciki.

Ga iyalanmu kuma, musamman iyaye mata da ke karanta wannan mujalla bayan maigida ko uwargida ta ajiye ta: kansilan mazaɓarku ɗan unguwa ne, kun san mahaifiyarsa, wataƙila ma ɗaya daga cikinmu ne ya koya masa baƙi da wasali. In ya zo gaisuwar suna ko ta'aziyya, bayan an yi addu'a, ku tambaye shi ranar da majalisarsu za ta zauna kan kasafin baɗi, ku gaya masa malamai za su zo.