Liepaja: Birnin da ke kwanar da baƙi a kurkuku

A wannan mako zan ɗan jingine batun siyasar gida, in kai mai karatu gaɓar Tekun Baltik, zuwa birnin Liepaja na ƙasar Latbiya, wanda 'yan ƙasar ke furta sunansa "Liyepaya". Taron malaman jami'a ne ya kai ni Riga, babban birnin ƙasar. Da aka tashi, sai na hau safa na yi tafiyar sama da kilomita 200 zuwa yamma. Kwana uku na yi a can, na dawo da tambayar da har yau take yi mini yawo a zuci: shin ya dace gari ya mai da tarihin wahalarsa hajar da zai sayar wa baƙi?

Liepaja shi ne birni na uku a girma a Latbiya, yana zaune tsakanin teku da wani tafki. Mutanensa na yi masa kirari da garin da ake haihuwar iska, kuma duk wanda ya tsaya a bakin tekun zai gaskata. Tun 1899 taragon lantarki ke ratsa titunansa, har gobe kuma yana aiki. Sai dai babban arzikinsa, wanda kuma ya sha jawo masa masifa, shi ne tashar jiragen ruwansa da ba ta daskarewa a lokacin hunturu.

Wannan falala ce ta sa Sarkin Rasha Alexander na III ya ba da umarnin gina sansanin sojan ruwa a arewacin garin, aikin da aka yi daga 1890 zuwa 1906. Unguwar ita ce ake kira Karosta. Daga nan ne rundunar jiragen yaƙin Rasha ta tashi a Oktoban 1904, ta yi tafiyar watanni, Japan ta ragargaza ta a mashigin Tsushima a watan Mayun 1905. A zamanin Tarayyar Sobiyet kuwa an rufe yankin ruf, ko ɗan ƙasa ba ya shiga sai da takardar izini. Da sojojin Rasha suka fice a 1994, sai suka bar gidaje kangwaye. Garin da a da ya haura mutum 100,000 ya koma ƙasa da 70,000, sannan a 2013 babbar masana'antar ƙarafa da ke ciyar da dubban iyalai ta durƙushe.

Garin da soja ya bari, masana'anta ta mutu, da me zai rayu? Shugabanninsa sun kama al'adu da hannu biyu. A 2015 aka buɗe katafaren zauren kiɗa na gilashi mai launin ambar, wato daskararren ƙaron itacen da tekun ke turowa gaɓa. Nan ne mazaunin ƙungiyar makaɗan birnin, wadda tushenta ke komawa 1881. A tsohuwar majami'ar tsakiyar gari akwai kayan kiɗa mai bututu sama da 7,000. An kuma zaɓi Liepaja a matsayin Babban Birnin Al'adun Turai na 2027. Duk wannan abin yabo ne.

Inda hankalina ya rabu biyu shi ne kurkukun Karosta. Gini ne na jan bulo da aka riƙa tsare sojoji a cikinsa ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, har zuwa 1997. Yau gidan tarihi ne, kuma mai sha'awa na iya biyan kuɗi ya kwana a ɗakin fursuna, ma'aikata sanye da kakin soja suna daka masa tsawa. Na tsaya ina duban zane-zanen da tsararru suka kankara a bango, a bayana kuma wasu samari 'yan yawon buɗe ido na ƙyalƙyala dariya suna ɗaukar hoto. Raina ya sosu. Wanda ya kankara bangon nan ba shi da tikitin komawa masauki da safe.

Washegari na je Shkede, tudun rairayi da ke bakin teku a arewa da Karosta. A nan ne, daga 15 zuwa 17 ga Disamban 1941, 'yan Nazi da mataimakansu na cikin gida suka harbe Yahudawan garin fiye da 2,700, akasarinsu mata da yara. Abin da ke wurin shi ne abin tunawa da aka jera da duwatsu. Ba mai sayar da tikiti, ba mai wasan kwaikwayo. Baƙin da na tarar ko tari ba sa yi.

Bayan ziyarar nan na sassauta hukuncina. Gaskiya ɗaya ce: gini ba ya tsayuwa da hawaye. Tsofaffin ganuwoyin yaƙi da ke arewacin Karosta, waɗanda aka yi watsi da su tun 1908, ga su can teku na haɗiye su kaɗan-kaɗan. Da ba don kuɗin baƙi ba, da wataƙila makomar kurkukun ke nan. Kuma saurayin da ya zo neman nishaɗi, ko ba komai, zai tafi da sanin cewa an taɓa tsare mutane a wurin. Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne garin ya san iyaka: ya yarda a yi wasa a inda aka tsare mutane, bai yarda a yi shi a inda aka kashe su ba.

Duk da haka, iyakar nan tana bukatar tsaro. Idan 2027 ta zo baƙi suka yi cincirindo, kwaɗayin kuɗi zai so ya mai da kowane tabo abin kallo. A nan ne za a gane ko al'ada Liepaja ya zaɓa ko kasuwa.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, shawarata ita ce ya je tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Ya hau taragon, ya saurari kiɗan, amma ya fara da Shkede kafin ya shiga kurkukun. Wanda ya bi wannan tsari, ina kyautata zaton dariyarsa za ta ragu a gaban wancan bango.