Raddi ga Masu Ɗora wa Kainji Laifin Kwara

A kasuwar Yelwa da ƙauyukan bakin ruwa an daɗe ana yaɗa wata magana, wai Kwara ba ta san cin gaɓa ba sai da aka datse ta a Kainji a 1968. Ɓacin ran masu faɗin haka yana da tushe, amma hujjojinsu uku ba sa tabbatar da maganar.

Ta farko, sun ce kogi miƙe yake tafiya, ba ya karkata sai an tare shi. Kowane matuƙin kwalekwale ya san ba haka ba ne. Duk inda kogi ya ɗan lanƙwasa, ruwan gefen waje ya fi gudu da zurfi, yana ƙwaƙule gindin gaɓa har ta rufta, na gefen ciki kuwa yana lafawa ya zubar da yashi. Ruwan da ke sama na nausawa waje, na ƙasa na komowa ciki ɗauke da abin da aka ciro, don haka gonar da ta zube a nan ita ce tudun rairayin da zai fito can gaba. Albert Einstein ya bayyana wannan juyi a 1926 da misalin kofin shayi, yadda ganye ke taruwa a tsakiya in an gauraya. A haka lanƙwasar ke ta girma har wuyanta ya sirance, wata ambaliya ta yanke shi, tsohuwar hanyar ta zama tabki mai siffar lauje.

Ta biyu, wai kakanni ba su ga wannan ba. Amma cin gaɓa a hankali yake, sau da yawa ya fi tsawon ran mutum. Ambaliya biyu kuwa, farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, sun riga madatsar da dubban shekaru, kuma su ne suka shimfiɗa fadamun da ake noman shinkafa a ciki.

Ta uku ita ce mai nauyi: tafkin da madatsar ta tara ya ci ƙasa. Gaskiya ne. Ya shanye tsibirin Foge da tsohuwar Busa, an tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu yawa, kuma har yau igiyar ruwa da cika da janyewar tafkin kowace shekara suna gutsurar gaɓar Ngaski. Wannan asara ba abar rainawa ba ce. Sai dai aikin tafki daban, aikin kogi mai gudu daban, domin inda Kwara ke shiga tafkin sanyi take yi, ta ajiye laka. Haɗa su wuri guda shi ke kai mutane ga neman a miƙe kogin ko a ɗaure shi da siminti. A Jamus an fara miƙe kogin Rhine a 1817, ruwan ya ƙara gudu, ambaliyar ta koma kan garuruwan da ke ƙasa.