Yaren kwamfutar da zai fara da sallama

Duk inda matasa masu rubuta manhaja suka taru a Kaduna, ko teburin mai shayi a Unguwar Rimi ko harabar KASU, ba a daɗewa wani zai jefo tambayar nan: da mu za mu ƙirƙiri yaren kwamfuta, ya zai kasance? Wani ya ce dole layin farko ya zama sallama, in babu, kwamfuta ta ƙi amsawa. Wani ya ce in ka yi kuskure, maimakon jan rubutun nan mai faɗar da gaba, ta ce maka "Allah ya kiyaye gaba". Na ukun, wanda ya fi kowa gaskiya, ya ce shi dai yaren ya adana aiki daƙiƙa ɗaya kafin a ɗauke wuta.

Zancen sallamar ma an riga mu. A 1972 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka suka yi wani yare na tsokana, INTERCAL. Idan ba ka saka kalmar PLEASE, wato "don Allah", daidai gwargwado ba, sai ya ƙi aikin. Idan ka cika ta ma ya ƙi, wai ladabin ya yi yawa. Kai ka ce wani baffanka ne.

Ni ban ƙi raha ba. Damuwata ƙannenmu ne da suka ɗauki neman yaren da ba shi da aibu da gaske. Yaro ya yi wata biyu yana koyon Python, ya ji a TikTok wai ta cika nawa, ya koma Go. Can wani ya ce ai yanzu Rust ake yayi, ya sake sabon lale. Shekara ta zagayo, kuɗin data sun tafi, ba manhaja ko ɗaya da zai nuna wa mai ɗaukar aiki.

To, ɗan'uwa, yaren da kake jira ba ya nan tafe. JavaScript ɗin nan, cikin kwana goma Brendan Eich ya haɗa ta a 1995. Har gobe in ka tara 0.1 da 0.2 za ta ba ka 0.30000000000000004, Python ma haka. Amma da ita shafukan intanet ɗin da kake buɗewa kullum suke motsi. Ita kuwa Python, daga sunan 'yan barkwancin Ingila, Monty Python, aka raɗa mata suna. Kuma tun fitowar Python 3 a 2008 kana iya sa wa ma'ajiyar lissafinka suna kuɗi ko ƙari, da lanƙwasarsu, ba ta ce uffan.

Mai shago a Kasuwar Barci da har yanzu yake rubuta bashi a littafi ba zai taɓa tambayarka da wane yare ka yi ba. Zai ce: "Tana aiki a ƙaramar wayata in ba data? Nawa zan biya?"